FARFESA ABDU MUMUNI JOFO (1929-1991): MASANIN DA YA SA RANA AIKI

Duk wanda ya ƙetare kogin Isa ta kan gadar Kennedy a birnin Yamai, zai tarar da babbar jami'ar ƙasarmu a hannun dama na kogin, kuma sunan da take ɗauke da shi tun shekara ta 1992 shi ne Abdu Mumuni. Mutane da yawa sun san sunan, amma kaɗan ne suka san abin da mai sunan ya ɓatar da rayuwarsa a kai. Wannan bawan Allah masani ne na kimiyyar fizik, watau ilimin da ke binciken motsi, da nauyi, da zafi, da haske. A cikin wannan ilimi mai faɗi ya zaɓi tambaya guda wadda ta shafi kowane gida na ƙasar Sahel: ta yaya za a sa zafin rana ya ɗauki wani kaso na wahalar da ɗan Adam da dabbarsa da iccen daji suke ɗauka? A yau za mu kawo muku tarihinsa, tare da bayanin kalmomi biyu da aikinsa duka ya dogara a kansu, watau aiki da makamashi.

Daga Tasawa zuwa Paris

An haifi Abdu Mumuni Jofo a garin Tasawa, cikin jahar Maraɗi ta yanzu, ran 26 ga watan Yuni na shekara ta 1929. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtashi, a bakin kogi. Ya fara lakwal a Damagaram, ya ci gaba a Yamai. A wancan zamani na mulkin mallaka, yaron da ya yi fice a karatu ba shi da wata ƙofa da ta wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransawa suke horar da malaman lakwal da magatakarda na Afirka ta Yamma. Can aka aika shi a shekara ta 1944. Yawancin waɗanda suka fito daga wannan makaranta sukan koma ƙasashensu su kama aikin gwamnati, iyakar karatun ke nan. Shi kuwa ya ci gaba har ya isa birnin Paris, ya shiga makarantar Saint-Louis, daga nan ya wuce jami'a. Ya sami digirinsa na farko a kimiyya a shekara ta 1953.

A shekara ta 1956 ya ci jarrabawar nan mai wuyar gaske da Faransawa suke kira agregasiyo, wadda ake zaɓen manyan malamai da ita. Ba yawan maki kaɗai ke sa a ci ta ba, gasa ce, kujeru ƙidayayyu ne, kuma da ƴaƴan Faransa ake takara. Ana lissafa shi a matsayin ɗan Afirka baƙar fata na farko daga ƙasashen renon Faransa da ya ci ta a fannin fizik. Yana ɗalibi kuma bai rufe kansa cikin ɗakin karatu ba, domin yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke Faransa, FEANF, wadda ta yi gwagwarmayar neman mulkin kai.

Ya fara koyarwa a birnin Dakar. Ran 28 ga watan Satumba na 1958 ƙasar Gini ta ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle, bayan ƴan kwanaki ta karɓi mulkin kanta. Faransa ta janye ma'aikatanta da malamanta, makarantu suka zama ba masu koyarwa. Abdu Mumuni yana cikin ƴan bokon Afirka da suka bar ayyukansu suka tafi Konakiri domin su toshe wannan giɓi. Bayan haka ya komo gida ya koyar a Yamai, sannan a farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya ƙware a kan binciken makamashin rana. Tun daga nan har ƙarshen rayuwarsa bai sake wannan hanya ba.

Mene ne aiki a wurin masana?

Kafin mu bi shi zuwa ɗakin bincikensa, ya kamata mu fahimci harshen da yake lissafi da shi. Ba sai mun je Turai ba. Bakin rijiya ya isa, kuma za mu ɗauki misalinmu daga ƙasar Kurfai, a gundumar Filinge, arewa maso gabas da Yamai, ƙasar noma da kiwo da ke shimfiɗe a kwarin Dallol Boso, inda rayuwar mutum da ta dabba a lokacin rani take rataye a kan igiyar guga.

A maganarmu ta yau da kullum, duk abin da ya gajiyar da mutum aiki ne. Masana fizik sun taƙaita ma'anar kalmar domin su iya auna ta. A wurinsu an yi aiki ne idan ƙarfi ya gusar da wani abu daga wuri zuwa wuri, kuma yawan aikin shi ne ƙarfin da aka sa a ninka shi da nisan da abin ya yi ta fuskar da ake jan sa. Wani masanin Faransa mai suna Coriolis ne ya tabbatar da wannan ma'ana cikin littafinsa na shekara ta 1929 saura ɗari, watau 1829. Ma'aunin ƙarfi sunansa niyuton, ma'aunin aiki kuwa sunansa jul, don tunawa da James Joule, mutumin Ingila wanda ya rayu daga 1818 zuwa 1889.

Ga lissafin. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma ƙasa tana jawo kowane kilo da ƙarfin da ya kusa niyuton 10. A ce makiyayi ya zura wasaki mai cin lita 40 cikin rijiya mai zurfin mita 30. Ƙarfin da ake bukata a ɗaga ruwan niyuton 400 ne. A ninka 400 da 30, an sami jul 12,000. Wannan shi ne kuɗin da rijiya take karɓa a kan kowane wasaki, ba ta ragi, ba ta sanayya. Idan mace ta zo da ƙaramin guga mai lita 10, jan ya fi mata sauƙi, amma sai ta zura sau 4 kafin ta sami lita 40, kuma jimillar aikin tana nan jul 12,000. Idan an kafa icce a bakin rijiya aka ɗora igiya a kan ƴar ƙafar nan mai juyawa, aka ɗaura wa sa ko jaki, abin da aka yi shi ne an sauya wa jan fuska, daga sama zuwa gaba, domin dabba ta iya. Duk da haka tilas san ya yi tafiyar mita 30 kafin wasaki ya fito. Haka nan jigon masu lambu: dutsen da ke bayansa yana taimaka wa mai ban ruwa wajen ɗagowa, amma sai da mutumin ya fara ɗaga dutsen lokacin da yake danna guga ƙasa. Babu wata na'ura a duniya da ke rage yawan aiki. Abin da na'ura take yi shi ne ta rarraba shi yadda jiki zai iya ɗauka.

Akwai wani abin mamaki a nan. Yarinyar da ta tsaya cik da tulu a kai tana jiran ƙawarta, wuyanta yana ciwo, amma a lissafin masana ba ta yi wa tulun aiki ba, tun da bai motsa ba. Gajiyar tata gaskiya ce, domin naman jikinta yana ƙona abinci kafin ya iya riƙe nauyin, sai dai abin da ya ƙona ya tashi a zafi, bai ɗaga ruwan ko da taƙi guda ba.

Saurin aiki kuma daban yake da yawan aiki. San da ya fid da wasakin nan cikin minti ɗaya ya yi jul 12,000 cikin daƙiƙa 60, watau jul 200 a kowace daƙiƙa. Jul ɗaya a daƙiƙa ɗaya shi ake kira wat, da sunan James Watt, mutumin Sikotilan da ya gyara injin tururi. Ashe san nan yana aiki da wat 200 ke nan. Ƙarfin doki da ake rubutawa a jikin injuna ya ɗan haura wat 730, ƙato lafiyayye kuwa da zai wuni yana aiki, abin da zai iya riƙewa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wannan ba.

Makamashi ba ya ɓata

Tambaya ta biyu ita ce: daga ina sa yake samun abin da yake biyan rijiya da shi? A ɗakin girki, makamashi shi ne icce ko kara ko gawayi da ake hura wuta da shi. Masana sun faɗaɗa kalmar, suka ce makamashi shi ne duk wata ajiya da za a iya mayar da ita aiki, kuma da jul ake auna shi kamar yadda ake auna aikin. Yana da kamanni iri-iri. Taɓaryar da mai daka ta ɗaga sama tana da makamashin tsawo. Da ta sako ta, sai ya koma makamashin motsi. Da ta faɗa cikin turmi, sai ya tafi wajen farfasa hatsi, saura ya zama ƙara da ɗumi, shi ya sa gari yakan yi ɗumi bayan an daɗe ana daka. Hatsin kansa yana ɗauke da makamashi, wanda jikin mutum yake ƙonawa a hankali.

A shekarun 1840 masana uku, Joule a Ingila da Mayer da Helmholtz a Jamus, suka tabbatar da wata doka da ba a taɓa samun wanda ya karya ta ba: mutum ba ya iya ƙirƙirar makamashi, ba ya kuma iya hallaka shi, sai dai ya sauya masa kama. Joule ya nuna haka ta hanyar kaɗa ruwa da wasu fikafikai da nauyi mai saukowa yake juyawa, yana auna yadda ruwan yake ɗumi. Lissafin da ya fito shi ne, ana bukatar jul wajen 4,200 kafin a ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya.

To, mu bi sawun makamashin san nan na Kurfai. Ya same shi daga ciyawa da harawa. Ciyawa ta same shi daga hasken rana, domin koren ganye yana kama haske ya haɗa abinci da shi daga ruwa da iska. Hatsin da ke cikin rumbu haka, iccen da ke cikin murhu haka. Rana ce ke ɗaga ruwan teku ya zama hadari, saboda haka ruwan da ke juya injunan madatsar Kainji ta Najeriya ma aikin rana ne. Gawayin ƙasa na Anu Araren tsirrai ne na zamanin da, waɗanda suka sha rana suka binnu. In ban da irin yuraniyom na Arlit, wanda ƙarfinsa daga cikin ƙwayar zarra yake, kusan duk abin da ke motsi a ƙasarmu da bashin rana yake motsi. Sai dai hanyar tana da tsawo kuma tana yoyo: tsiro yana kama wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na hasken da ya sauko masa, ko ma ƙasa da haka, dabba kuma tana kashe mafi yawan abin da ta ci wajen rayar da jikinta. A shekarar fari kuwa hanyar tana yankewa gaba ɗaya. Rana tana nan da zafinta, amma babu ciyawa, san da zai ja ruwa shi kansa ba ya iya tashi. Makiyayan Filinge, ƙasar da ke da tashar kiwon shanun Azawak a Tukunus, sun ga haka da idanunsu a farin 1973 da na 1984.

A nan tunanin Abdu Mumuni ya shigo. Tun da rana ce tushe, me zai hana a ɗebo daga tushen kai tsaye? Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa tana karɓar wat wajen 1,000, kuma a ƙasar Nijar abin da take tarawa a wuni yana tsakanin kilowat-awa 5 da 7. Kilowat-awa ɗaya jul miliyan 3 da dubu 600 ne. Mu koma rijiyarmu mai mita 30. Garken shanu 100, idan kowace ta sha lita 30, lita 3,000 ke nan, wasaki 75, jul 900,000, watau rubu'in kilowat-awa ɗaya tak. Wannan wahala da ke cinye wa makiyayi da ƴaƴansa da sansa rabin wuni, hasken da ke sauka a kan fili wanda bai kai shimfiɗar tabarma ba ya ninka ta fiye da sau 20. Ko da kashi ɗaya cikin goma aka iya mayarwa aiki, garken ya ƙoshi har da saura.

Lissafin murhu ya fi wannan ban tsoro. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta tashi daga digiri 30 ta tafasa a digiri 100, tana cin jul 294,000, daidai da jan wasaki 24 da rabi. Tukunya mai lita 10 kuwa ta ninka shayar da garken nan duka fiye da sau 3. Ga shi kuma murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafin iccen a iska, ɗan kaɗan ne ke shiga tukunya. Duk wanda ya gane wannan lissafi ya gane dalilin da ya sa daji yake ja da baya a kewayen garuruwanmu, mata suna ƙara nisa wajen neman icce shekara bayan shekara.

Bamako da ONERSOL

A shekara ta 1964 Abdu Mumuni ya sauka a ƙasar Mali, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horar da malamai ta birnin. Yana can ya kammala babban digirinsa na dokta a Paris a shekara ta 1967, a kan madubai masu zurfi kamar ƙwarya, waɗanda ke tattara hasken rana wuri guda, da yadda zafin yake rarrabuwa a wurin da hasken ya haɗu. A shekara ta 1969 ya komo gida ya karɓi shugabancin ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, wanda aka kafa a 1965, ya riƙe shi har shekara ta 1985.

A ƙarƙashinsa ofishin bai tsaya ga takarda ba. An auna hasken rana, an zana, an ƙera, an gwada. Abin da ya fi yaɗuwa shi ne na'urar ɗumama ruwa. Tsarinta mai sauƙi ne: faranti baƙi, domin baƙi ya fi shan haske, da bututu a jikinsa, da gilashi a sama wanda ke barin haske ya shiga ya kuma tare zafi kada ya fita. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau da kansa zuwa tanki, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, ba famfo ba wuta. An kuma ƙera na'urar tace ruwa, inda rana ke tayar da ruwa tururi ya bar gishiri da datti a ƙasa, ya taru a jikin gilashi ya tsiyayo tsarkakakke, irin wanda asibitoci da baturan motoci suke bukata. An ƙera na'urar shanya kayan lambu, da murhun rana mai madubi wanda ake ɗora tukunya a daidai inda haske ya taru.

Babban burinsa shi ne injin rana, watau ya mayar da zafi ya zama motsi. Madubai suna tattara haske a kan bututu, abin da ke cikin bututun ya tafasa, tururinsa ya tura inji, inji ya juya famfo ko ya ba da lantarki. Ofishin ya ƙera irin wannan inji tare da haɗin gwiwar wani kamfanin Jamus mai suna Spilling. A nan akwai wata doka ta biyu da Sadi Carnot na Faransa ya gano tun 1824: aiki yana komawa zafi gaba ɗaya ba tare da wahala ba, amma zafi ba ya komawa aiki gaba ɗaya, tilas wani kaso ya tafi a banza, kuma gwargwadon yadda wutar ta fi wurin sanyi zafi, gwargwadon yawan abin da ake samu. Wannan ne amfanin madubin da ya yi digirinsa a kai. Faranti baƙi da kyar yake kai ruwa ga tafasa, madubi mai tattara haske kuwa yana kai ɗaruruwan digiri.

Zamanin ya ba shi gaskiya. A shekara ta 1973 kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya, a daidai lokacin da fari ya kashe dabbobin Sahel, kuma ƙasar da ba ta da bakin teku kamar tamu ta fi kowa jin jiki. A wannan shekara ce hukumar UNESCO ta kira babban taron duniya a Paris a kan yadda rana za ta yi wa ɗan Adam hidima. Sunan Yamai ya shiga cikin wuraren da ake ambata idan ana maganar wannan bincike. A shekara ta 1984 kuma, zamanin Shugaba Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a ƙasar Filinge, aka yi taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da gurgusowar hamada, inda maganar sare itatuwa ta zama maganar kowa.

Ba duk abin da ya shuka ne ya tsira a zamaninsa ba. Gilashi da ƙarfe da goran-ruwa daga waje ake sayo su, kuɗin na'urorin ya fi ƙarfin talaka. Murhun rana yana son a yi girki a fili da tsakar rana, alhali tuwon gidajenmu da marece ake tuƙa shi. Injin tururi yana son makaniki da kayan gyara a kusa, ƙura kuma tana dusashe madubi. Waɗannan matsaloli sun nuna cewa na'ura ba ta zama a ƙauye sai ta dace da aljihu da al'adar masu amfani da ita.

Malami mai kishin harsunan ƙasa

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. A shekara ta 1964 ya buga littafi a Paris mai suna L'Éducation en Afrique, watau tarbiyya da ilimi a Afirka, wanda aka fassara da Ingilishi a 1968. A cikinsa ya yi bayanin tarbiyyar gargajiya, wadda ke haɗa koyo da aikin hannu da zaman jama'a, ya nuna yadda lakwal ta mulkin mallaka ta raba yaro da mutanensa, ya kuma tsaya a kan cewa a koyar da yara da manya cikin harsunan da suka sha a nono, a yi yaƙi da jahilci a ko'ina. Ra'ayinsa shi ne harsunan Afirka suna iya ɗaukar lissafi da kimiyya idan an yi musu hidima. Wannan ra'ayi da binciken rana abu guda ne a wurinsa: ƙasa ta dogara da abin da Allah ya hore mata, ko haske ne ko harshe. Famfon da mutanen gari ba su gane yadda yake aiki ba, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan.

Ya koyar da fizik a jami'ar Yamai, ya kuma zama shugabanta a shekara ta 1979, ya riƙe ta har farkon shekarun 1980. Ɗalibai da yawa da suka zama malamai da injiniyoyi a ƙasar nan ta hannunsa suka bi. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu na shekara ta 1991, yana da shekara 61. A shekarar da ta biyo aka sa wa jami'ar sunansa.

Abin da ya bari

Bayan rasuwarsa, wata hanya dabam ta kama hasken rana ita ce ta yi rinjaye, watau farantan nan masu mayar da haske lantarki kai tsaye, waɗanda aka fara ƙerawa da silikon a Amurka a 1954. A zamaninsa tsadarsu ta wuce misali, amma daga shekara ta 2010 kuɗinsu ya faɗi ƙwarai. Faranti mai kyau yana mayar da wajen kashi 20 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. A shekara ta 2018 aka buɗe tashar lantarkin rana ta Malbaza mai megawat 7, a 2023 kuma ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30. A wannan shekara ta 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya na wasu watanni, kowa ya ga abin da dogaro da wutar maƙwabci yake jawowa. Na'urar ta sauya, amma lissafin da Abdu Mumuni ya kafa hujjarsa a kai bai sauya ba.

Wannan lissafi kuwa ba na farfesoshi kaɗai ba ne. Mai gari ko shugaban ƙungiyar makiyaya ko ma'aikacin gwamnati a ƙasar Kurfai, idan aka zo masa da maganar famfon rana, yana iya ɗaukar alƙalami ya tambayi abu uku: lita nawa ake bukata a wuni, mita nawa ne daga fuskar ruwa zuwa bakin tanki, kilowat-awa nawa farantan za su bayar. Ya ninka lita da mita da 10, ya sami jul, ya raba da miliyan 3 da dubu 600, ya sami kilowat-awa, sannan ya ninka abin da ya samu sau 2 saboda asarar famfo da bututu. Da wannan zai san ko abin da ake son sayar wa garinsa ya isa ko bai isa ba, ba wanda zai rufe shi da baki. Haka uwargida da ta san inda zafin icce yake zurarewa za ta gane amfanin murhu mai tsimin icce da rufe tukunya da kare wuta daga iska.

Hausawa suna cewa ilimi gishirin zaman duniya. Abdu Mumuni Jofo ya nemo shi daga Tasawa har Paris da Mosko, ya kawo shi gida, ya kashe shi a kan ruwan sha da wutar girki na talakawan ƙasarsa. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa, ya kuma ba ƙasarmu masu gadon aikinsa.